Tukwanen Tanko Ba Za A Buɗe Su Ba

Abokina Tanko ya rasu ya bar tukwanen gas talatin da bakwai a ɗakin saman gidansa a Tandabawi, unguwarmu ta nan Makka, kuma ko kwana arba'in bai yi a ƙasa ba babban ɗansa ya kira mai sayen tsohon ƙarfe. Ban ga laifin yaron a kan kiran ba. Gidan yana cikin waɗanda aka shafa wa jan fenti, hanya za ta bi ta kansa, dole a kwashe kaya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, mai ƙarfe ba ya ɗaukar tukunya sai babu komai a cikinta. Sai an murɗe bakin kowace, an saki abin da ke ciki ya bi iska. Abin da ke cikin nan kuwa, shekara talatin da ɗoriya Tanko ya yi yana tara shi don kada ya bi iskar. Labarin ya same ni ina zaune a unguwar Mansur ina shan shayi. Na dire kofin na ce wallahi sai dai a bi ta kaina. Waɗanda ke wurin suka sa dariya, wai tsoho ya fara ruɗewa. To su yi ta yi, haƙoransu ne. Ba su san Tanko ba, ba su kuma san abin da muka aikata ni da shi ba.

Mu ba da gas muka fara ba, da ruwa muka fara. Iyayenmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suna tafiya suna noma a hanya, suna haihuwa suna binnewa, har Allah ya kawo su ɗakinsa, suka ce sun iso ba sa komawa. Mu a nan aka haife mu, a gindin duwatsun nan da yanzu ake ta yanka kamar tuwo. A lokacin babu famfo a gidaje. Akwai bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, akwai kuma mu 'yan ga-ruwa, garwa biyu da sanda a kafaɗa. Wanda bai ji Tandabawi da hantsi a wancan zamani ba, bai ji Makka ba. Garwa na gwaruwa da garwa, sanda na kuka a kafaɗa, jaki na nasa kukan na banza a gangare, mata na ƙwanƙwasa tagar katako daga ciki don ka san gidan na son ruwa. Ka hau tsani tamanin da ruwa a wuya, ka juye a randar ƙasa, kafin azahar randar ta sanyaya shi da kanta, babu waya babu inji. Yau fa? Duk unguwar sauti ɗaya ne, gurnanin mukayyif, injin sanyaya ɗaki, daga kowace taga, ruwansa na ɗiga a kan mai wucewa. Yara ba su san sanyin randa ba, in ka ba su ma sai su ce ƙasa-ƙasa yake yi.

Tanko dogo ne siriri, ga shiru, ga taurin kai. Ni ne mai baki, shi ne mai kunne. Muna da shugaba a bazan, wani dattijo Basakkwace mai ido ɗaya, wanda in ya ga ka zubar da ruwa a hanya sai ya tsayar da kai a gaban kowa ya ce, "Ɗana, abin da ka ɗauko a cike, kai shi a cike. Wanda ya zube a hanya ba naka ne ba, ba na mai gida ne ba, amma za a tambaye ka shi." Ni ta kunnen nan take shiga ta fita ta wancan. Tanko kuwa har ganye yake ɗorawa a bakin garwa don kada ruwa ya fantsala. Ina yi masa tsiya ina cewa, kai ko fitsari za ka yi sai ka auna. Sai ya yi murmushi ya wuce.

Da famfo ya shigo, sana'armu ta mutu a tsaye. Muka jingine sanda muka shiga shagon wani mutumin Yaman muka koyi gyaran tallaja da mukayyif, injin sanyaya abinci da na sanyaya ɗaki. Muna samari sosai a lokacin, gemu ya fara fitowa, jini na tafasa. Abu na farko da aka koya mana shi ne, kafin ka gyara inji sai ka zubar da tsohon gas ɗin da ke cikinsa. Ka yanke bututu ko ka murɗe baki, ya yi tsuwwa ya fita fari fat, shi ke nan. Ba wari, ba ya kama wuta, ba ya sa tari. Kowa haka yake yi, daga Makka har Jidda. Mu ma har wasa muka mayar da shi. In zafi ya ishe mu sai mu kara kwanon fura a bakin bututu, nan take ya yi sanyi ƙarara. Masu wucewa su miƙo butar ruwansu, mu sanyaya musu, su yi ta sa mana albarka. Kai, mu a ganinmu lada muke kwasa.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta Muzdalifa. Saura 'yan makonni aikin Hajji, wani ɗan kwangila ya ɗauke mu mu gyara injinan sanyaya ruwan alhazai da aka jera a filin. Ka san Muzdalifa in ba lokacinta ba, babu kowa, sai tsakuwa da rana da duwatsu sun zuba maka ido. Injinan sun yi layi har inda ido ya ƙare, aka ce a zubar da tsohon gas ɗinsu duka a sa sabo. Da tsakar rana na ce wa Tanko, mu yi tsere, ka ɗauki layin dama in ɗauki na hagu. Muka zuba a guje da sufana a hannu, kana murɗe wannan ka wuce na gaba, tsuwwa na tashi a bayanka, har filin ya ɗauka gaba ɗaya. Farin hayaƙi ya kwanta a ƙasa iya gwiwa. Tanko, wannan mai shirun, ya cire hularsa ya shige ciki yana juyi yana ihu, "Ga sanyin Aljanna! Ga sanyin Aljanna!" Ni na faɗi ƙasa don dariya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, kafin nan ko bayan nan. Ni na ci tseren, shi ya sayi tsiren yamma a Mansur.

Shekaru suka tafi, muka yi aure, muka buɗe namu shagon. Tanko yana da wata 'yar rediyo da yake kama tashoshin Hausa na ƙasashen waje, kullum tana rataye a ƙusa. Wata safiya na shigo na tarar da shi zaune a kan tukunya, ga ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis a gabansa bai taɓa ba.

Na ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Ya ce, "Zauna ka ji. Wai can sama akwai wata rumfa ta iska da Allah ya shimfiɗa, masu ilimi na ce mata ozon. Ita ke tace rana kafin ta iso mu. Wai ta fara lalacewa, can ƙarshen duniya ta kudu har ta huje. In ta yi rauni, rana na sauko da dafinta, ta sa yanar ido, ta sa dajin fata, ta ƙona shuka."

Na ce, "To Allah ya kyauta. Miƙo burodin."

Ya ce, "Gas ɗinmu ne ke cin ta. Wannan da muke saki. Ba ya mutuwa, hawa yake yi a hankali, shekara da shekaru, sai ya kai can."

Wallahi dariya na yi har da buga cinya. Na ce, ya shaikh, ni da kai, 'yan ga-ruwan Tandabawi, mu ne za mu huda sama? Saman da Allah ya ɗaga ba ginshiƙi? Na ce wannan zancen Turawa ne, sun ƙera sabon gas suna neman kasuwa. Ya dube ni ya ce, "Da yayyafi kogi kan cika. Ka tuna Muzdalifa?" Na ce na tuna, kuma ni na ci. Ya ce, "Ba namu ba ne, ba na mai inji ba ne, amma za a tambaye mu shi." Daga nan ya ture ful ɗin ya tashi.

Tun daga ranar bai sake sakin gas ba. Ya ciro injin wata matacciyar tallaja ya haɗa masa bututu, ya zama abin zuƙa. In an kawo gyara sai ya zuƙe tsohon gas ɗin ya ɗura a tsohuwar tukunya, ya ɗaure bakinta tam. Aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce, shi sai ya kai azahar a kansa. Masu kaya suna tsaye suna tsaki. Unguwa ta sa masa suna Mai Ɗaure Iska. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ni na fi kowa. Ina sane nake yanke bututu a gabansa don ya ji tsuwwar. Wata rana na yi haka, sai ya ajiye sufana ya ce, "Kai ɗan'uwana ne, amma ba zan iya jin wannan ƙarar a inda nake cin abinci ba." Na ce to ga ƙofa nan. Ya ɗauki injinsa da rediyonsa ya fita. Shekara tara muna haɗuwa a sahu ɗaya, mu yi sallama, kowa ya kama gabansa. Shekara tara! A kan iska. In na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin da ya mayar da ni wurinsa idonsa ne. Aikinmu a saman bene yake, rana a ka, rana a bango, farin siminti na mayar maka da ita cikin ido. Idanun Tanko suka fara yin fari. Aka yi masa aiki a ɗaya bai yi kyau ba, ɗayan ma ya bi. Da na ji, na ajiye girman kai na raka shi asibiti, kuma a gabansa na tambayi likita, wannan hujin saman ne ya jawo? Likitan mutumin kirki ne, bai yi mana ƙarya ba. Ya ce rana na kawo yana, gaskiya ne, amma ba wanda zai iya rantsewa cewa hujin ne ya ci idon wannan bawan Allah, ranar Makka kaɗai ta isa, ga kuma shekaru. A hanyar dawowa na ce, ka ji ko, ba mu ba ne. Tanko ya ce, "Nawa idon ba mu ba ne. Na wani fa, a wata ƙasa, wanda bai taɓa ganin mukayyif ba?" Washegari na je shagonsa na zama idonsa. Shi yana shafa bututu da yatsa, ni ina duba masa allurar ma'auni. A nan na koyi zuƙa, da furfura a gemuna.

Tukwanen suka yi ta taruwa, don babu inda za a kai su. Ya tambaya nan ya tambaya can, kowa ya ce bai san wurin ba. Sai ya gina musu ɗaki a saman gida, ya yi masa rufi biyu saboda zafi. Bayan ya daina aiki ma, kullum da safe sai ya lallaba bango ya hau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa bakinsu. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, kwana shida ne. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar, na riƙe makara har maƙabarta ban yarda an karɓe ni ba. Bai bar mini wasiyya a kan tukwanen ba, ko kalma ɗaya. Wannan ya fi ci mini rai. Ko dai ya yarda da ni ne har bai ga amfanin faɗa ba, ko kuwa har ya mutu yana ganina a mai yanke bututu. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. Har yau in na ji wani abu a rediyo sai in juya in faɗa masa.

To, ranar da mai ƙarfe zai zo na riga shi isa. Na hau tsanin nan da gwiwoyina da suka ƙare, ina hutawa a kowane hawa, na shiga ɗakin na zauna a bakin ƙofa na miƙe sandata. Can sai ga Faisal, babban ɗan Tanko, ya hau da mai ƙarfe a bayansa. Faisal ma'aikacin ofis ne, farar riga, agogo, yaron kirki, amma Hausarsa sai ya haɗa da Larabci take tafiya. Ammi yake ce mini, wato baffa.

Ya ce, "Ammi, salamu alaikum. Me ya hau da kai nan? Da ka kira ni ai."

Na ce, "Na zo gadin kayan ubanka."

Ya ce, "Ya ammi, halas, ya isa haka. Jibi za a yanke wuta, sati mai zuwa gidan nan babu shi. Shiggar da muka kama, gidan hayar nan, ɗaki uku ce a hawa na biyar, ina zan kai wannan? Kuma zancen nan ya wuce. An hana gas ɗin tun tuni, kowa ya san hujin yana rufewa da kansa. Duniya ta gyara abinta."

Na ce, "Da kansa? Ubanka da ire-irensa ne suka kame hannunsu ya samu ya fara rufewa. Don gyambo ya fara warkewa sai ka sa farce? In ka buɗe waɗannan, yau za su kama hanya, jikokinka na raye suna can suna ci."

Ya ce, "Tukunya talatin a duniya duka, wallahi ma tifrig. Ba za ta canza komai ba."

Na ce, "Haka na ce wa ubanka. Shekara tara na biya."

Mai ƙarfe ya duba agogo ya ce shi fa yana da wani gidan. Faisal ya ɗaure fuska. Na san fuskar, ta Tanko ce in ya kafe. Ya ce, "Samihni, ammi, ka yafe ni," ya tsallake sandata. Ni da ko tashi sai na dafa bango, me zan yi? Na ɗaga murya na ce, kai Faisal, kada ka kuskura, in ka taɓa ba ni ba kai har abada! Ya kama bakin ta farko ya murɗe.

Shiru. Ko ɗan huci babu.

Ya dube ni, na dube shi. Ya murɗe ta biyu. Ita ma shiru. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ta taso sakayau. Ya juya gindinta, tsatsa ta ci wani wuri kamar ƙwayar gero. Ta nan abin ya sulale, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ashe shekara da shekaru makahon nan yana hawa tsani yana shafa bakin tukwanen da babu komai a cikinsu. Na so a ce ihu Faisal ya yi mini ya ce ka gani ko, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Sai kawai ya ce, "Kullum sai ya hau, ammi. Ko ranar da zazzaɓin ya fara sai da ya hau."

Ya miƙa hannu ga ta uku, a sanyaye, kamar mai son ya tabbatar ita ma haka take. Yana murɗawa ta yi tsuwwa, farin hayaƙi ya feso masa a hannu. Kafin in ce wani abu ya danne bakin da tafinsa tsirara, ya mayar ya ɗaure da dukkan ƙarfinsa, har da sa gwiwa. Sanyin ya ƙona masa yatsu suka yi fari. Ya soke hannun a hammata ya tsuguna a gaban tukunyar yana haki.

Daga nan ba wanda ya sake taɓa bakin ko ɗaya. Ɗagawa muka yi ta yi. Faisal ya ɗaga, in sakayau ce ya ajiye hagu, in da nauyi ya ajiye dama. Ashirin da shida suka tafi hagu. Ina zaune ina kallon tulin nan yana girma, hawaye na bin gemuna, ban share ba ban kuma ji kunyar mai ƙarfe ba. Haushi nake ji, na tsatsa, na Tanko da ya tafi bai sani ba, na kaina da ina da ido biyu ban taɓa juya gindin tukunya na duba ba. Sha ɗaya suka tsaya a dama.

Mai ƙarfe ya ce, to waɗannan ma a sauke musu ciki ya haɗa gaba ɗaya, ai saura kaɗan. Na ce ɗauki na hagu ka kama gabanka tun muna mutunci. Sai muka ji muryar Hajiya, matar Tanko, daga ƙasan tsani. Tana cikin takaba ba ta fitowa, amma duk abin nan a kunnenta aka yi.

Ta ce, "Malam, nawa suka rage?"

Na ce, "Sha ɗaya, Hajiya."

Ta ce, "Shekara talatin ina shanya a tsakar gida saboda kayan nan sun cinye mini sama. To sha ɗayan nan kada wanda ya taɓa su."

Faisal ya ce, "Ummi, ina za mu kai su?"

Na ce ɗakina za su, a Mansur, a ƙasa yake, rana ba ta shiga. Zan sayi sababbin tukwane in juye su ciki, in ɗora su a kan katako. Ya ce a ina zan kwana, ɗakin ko gado da ƙyar ya ɗauka. Na ce a fitar da gadon, ni da aka haifa a kan tabarma. Ya ce ya ji akwai masu karɓar irin wannan gas su lalata shi a inji, zai bincika. Na ce bincika, in ka samu ni zan raka su da ƙafata, in ba ka samu ba suna nan har a ɗauki gawata, bayan nan kuma kai ne, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Ya naɗe ƙonannen hannunsa da gefen rawaninsa, ya sunkuya ya saɓa ta farko a kafaɗa, farar rigar nan duk tsatsa. Ya fara sauka a hankali. Ni kuma na dafa bango na bi bayansa, ina yi masa faɗa kada ya buga ta da gini.